Kunnen Dama na Aliyar

Duk wanda zai yi magana da Aliyar sai ya zagaya ta damansa. Kunnen hagu ya mutu tun yana saurayi, na daman kuwa shi ne jarinsa, shi ne abincin gidansa, kuma yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Ba ya sa masa tsinke, ba ya zama kusa da lasifikar biki, in mura ta kama shi sai ya naɗe kai da mayafin matarsa ya yi ta yawo a bakin teku muna yi masa dariya. Ni Uduman, ni nake tuƙa masa jirgin ruwa, kuma tun muna yawo tsirara muke tare a Sinnakuda, don haka abin da zan faɗa ba a shagon shayi na tsinto shi ba.

A garinmu da nakiya ake kamun kifi, tun zamanin yaƙi da ta yi arha kamar gishiri. A cusa ta a kwalba, a sa guntun lagwani, a kunna da wutar taba, a jefa tsakiyar garken kifi. Rabin kifin ya taso, rabi ya nutse, sai masu nutso su bi shi ƙasa da numfashin ƙirjinsu su tattaro. Aliyar yana cikinsu, kuma babu wanda ya kai shi jimawa a ƙasa. Wata rana yana can yana tsintar kifin wani jirgi, sai wani jirgin dabam ya zo ya jefa tasa kwalbar. Mun ciro shi jini na fita ta hanci da kunnen hagu. Abokin nutsonsa kuwa ko ƙwarzane babu a jikinsa, amma duk kayan cikinsa sun dagargaje, kafin la'asar muka binne shi.

Daga wannan gawar ce dattawa suka kafa dokar ƙwanƙwasa. Kafin ka jefa kwalba, ka ɗauki filafili ka bubbuga cikin jirginka da ƙarfi, domin ƙara tana tafiya nesa a ruwa. Sannan ka kunna bidi, siririyar tabarmu ta ganye, ka sha ta har ta ƙare. Babu ɗan Adam da zai riƙe numfashi tsawon bidi guda, duk wanda yake ƙasa dole kansa ya ɓullo. In ka ƙwanƙwasa, ka sha tabarka, ba ka ga kan kowa ba, to ka fita hakki, jinin kowa ba ya wuyanka. Doka ce mai kyau a zamaninta, ban musa ba, ta ceci mutane da yawa. Mutanenmu suka riƙe ta kamar alwala, har ya zama wanda ya ƙwanƙwasa ba ya ma wahalar leƙa ruwan.

Da aka daina yaƙi baƙi suka fara zuwa, Turawa da 'yan birni, wai su ga murjani da kifayen Tsibirin Kunkuru, wancan dutsen da ake hangowa daga ƙofar masallacinmu. Mu abin ma mamaki ya ba mu, mutum ya taso daga uwa duniya don ya kalli kifi ya koma bai ci ba. Aliyar ne ya fara gane cewa akwai abinci a ciki. Ya bi wasu masu koyar da nutso, ya koyi goya tulun iska, ya dawo ya kafa rumfa a bakin ruwa ya ce in zo in riƙe masa inji. Daga ranar bai ƙara taɓa kifin nakiya ba, ko a miya. In matarsa Katisa ta dafa, ya ɓare tsoka ya ga ta yi lugub, ƙayar ta kakkarye, sai ya ture kwanon. Ita kuma ta ji haushi, domin daga gidan yayanta Kalandar kifin yake zuwa. Kalandar shi ne gwanin jifa a gaɓar nan kaf, ƙato ne mai faɗin ƙirji, nakiya ta riga ta cire masa yatsu biyu a hannun hagu, kuma yana nuna wurin kamar lambar yabo.

Aliyar mutum ne mai surutu, na rantse ko barci yake bakinsa na motsi. Wayar hannu ta zo ta same shi daidai. Baƙo ya kira don ya ji farashi kawai, sai ya sha huɗuba. Ya manna wayar a kunnen dama, ya juya wa teku baya, ya fara.

"Kada ka zo lokacin ruwan sama, tekun kamar kunu yake, ko tafin hannunka ba za ka gani ba. Ka bari sai bayan sabuwar shekararku, in ya kwanta. In kana mura ka zauna gidanku, kada ka zo ka fasa kunne ka ce ni ne. Daren nutso ban da giya, safiyarsa ban da cika ciki da shinkafa. In jirgin sama za ka hau, ka bar kwana tsakani, kada ka fito daga ruwa ka ruga filin jirgi. Kuma duk inda ka je, ko ba wurina ba, ka ce a nuna maka injin da yake cika tulun. In ka gan shi kusa da hayaƙi, ɗauki jakarka ka gudu."

Amma babban karatunsa guda ɗaya ne, kuma ba ya yin sa sai da kwalbar lemo. Ya tara baƙi a rumfa, ya girgiza kwalbar, ya ɓalle murfin a gabansu kumfa ta wanke musu riguna. "Jininku ke nan in kuka taso da gudu," in ji shi. "Wanda ya jima a ƙasa yana shan iskar tulu, a hankali yake hawa, ya tsaya, ya ƙara hawa, ya tsaya. Wanda ya yi gaggawa, ko dai kabari ko keken guragu, ya zaɓa."

Cikin duk baƙinsa babu wanda ya shiga ransa kamar Baba Siripala, wani tsohon direban jirgin ƙasa daga can cikin duwatsun shayi. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse, shi kuma ya ce ya gaji da kallon duniya daga kan dogo. Shekarar farko ya zo ya koya a ruwa mara zurfi, yana ɓalle-ɓalle kamar kaza a randa. Aliyar ya yi masa alkawarin in ya dawo zai kai shi gefen arewa na tsibirin, inda kunkuru suke kwana a kogo. Duk tsawon damina tsohon nan bai bar wayar Aliyar ta huta ba.

"Aliyar, ɗana, in kifin nan mai haƙora ya zo fa?"

"Baba, me zai yi da tsohon nama? Ni ma da nake da sauran maiƙo ya ƙi ni."

"Mara kunya. To haƙorana na roba, in cire ko in bari?"

"Ka bari, da me za ka ciji bakin tiyon? In sun faɗi kunkuru ya samu."

"To in wani abu ya faru a ƙasa?"

Nan Aliyar yakan daina wasa. "In abu ya faru ka dube ni, Baba. Ni na sauke ka, ni zan hau da kai. Aikinka numfashi, nawa sauraro."

Tsohon bai san abin da Aliyar yake saurare ba, ni na sani. Duk saukar da zai yi da baƙi, idonsa na kansu, kunnensa na dama yana sama yana jiran bugun filafili. In ya ji shi daga nesa sai ya karkata da mutanensa ya bar wurin. Da wannan kunnen guda yake ciyar da gidansa, da shi kuma yake mayar da 'ya'yan mutane gida da ransu.

Ya sha faɗa wa masu kwalba cewa dokar ta tsufa, suna mayar da shi mahaukaci. Suka rinƙa yanke masa igiyar tutar da yake kafawa a ruwa, wani ya farke mana gefen jirgi da adda. Ranar da abin ya kai maƙura, bayan an sallame sallar Juma'a ne, a harabar masallaci, kowa da fararen kaya. Aliyar ya miƙe ya ce yana da magana.

"Jama'a, dokar ƙwanƙwasa don mai nutso da ƙirjinsa aka yi ta. Mai tulu ba ya iya tasowa cikin bidi guda. In ya taso da sauri ya mutu, in ya tsaya kwalba ta same shi. Ku bar mana kewayen tsibirin, ga teku nan har Burma."

Kalandar yana jingine da bishiyar kwakwa yana sakace. A wurinmu mijin ƙanwa da yayan mata maccan suke kiran juna, kalmar wasa da zumunci ce, amma yadda ya furta ta ranar kamar tofi.

"Maccan, uban wa ya aike su ƙasa? Teku na masu yunwa ne ko na masu kallo? Ni dai in na ƙwanƙwasa na sha tabata, na gama. Wanda bai fito ba, zaman ya yi masa daɗi ne."

"Ka ji irinta," in ji Aliyar. "Mutumin da nakiya ta ci wa yatsu bai yi hankali ba, sai ta ci kan gaba ɗaya."

"Gara ni yatsu ta ci. Kai ta mayar da kai rabin mutum, kana wanke wa baƙi ƙafafun roba."

"Rabin mutumin dai ƙanwarka ta zaɓa."

Kalandar ya yar da tsinken. Naushin da ya kai, ba fuska ya nufa ba, kunnen dama ya nufa, kuma da gangan, na gani da idona. Wannan mugunta har gobe ban yafe ta ba. Aliyar ya tare da dantse, ya sunkuya ya sa kai ya fasa masa hanci, ƙarar kamar an taka ɓawon kwakwa. Suka zube ƙasa suna birgima cikin takalman mutane. Mutanen Kalandar suka shigo da filafili, ni ma na shiga da benci, wani ya sauke mini gora a baya na yi mako ina kwana ruf da ciki. Aliyar yana ƙasa, hannu ɗaya ya rufe kunne, ɗayan yana ta dukan haƙarƙarin surukinsa, Kalandar kuma ya kafa masa haƙora a kafaɗa har sai da ya ciro fata. Liman da kansa ya shiga tsakani, rawaninsa ya dawo ja.

Dattawa suka zauna suka yi irin sulhun da suka saba, wanda ba ya ƙosar da kowa. Ba a hana kwalba ba, amma an ce safiyar Juma'a, daga asuba har a sauko daga masallaci, babu mai jifa kusa da tsibirin. Katisa ta wanke wa mijinta kafaɗa da ruwan gishiri tana danna wurin da ƙarfi da gangan. "Ɗaya mun haɗa uwa, ɗaya mun haɗa 'ya'ya," ta ce da ni. "Ku ci gaba, in kun kashe juna ni ce mai zaman makoki biyu." Daga nan Aliyar ya ƙara layi ɗaya a huɗubarsa ta waya: mai son nutso mai zurfi ya iso Alhamis, a sauka Juma'a da safe.

Juma'ar da Baba Siripala ya zaɓa ta zo da teku lafiya lau. Na sauke su a gefen arewa, inda dutsen yake gangarawa ƙasa kamar bango. Yadda muke aiki, ruwa ne yake jan su a hankali ya zagaya da su ta gabas, ni kuma in wuce kudu in kashe inji in jira inda za su ɓullo. Haka na yi. Na kwance ƙunshin rotina, irin gurasarmu, da yajin kwakwa ina ci.

Sun jima a ƙasa, har na fara duban inda balan-balan ɗin da Aliyar yake sakowa da igiya in za su hau zai taso, sai na ga tsuntsaye sun yi dandazo ta gabas suna faɗawa ruwa. Garken manyan kifaye ne ya shigo, irin wanda ake shekara ba a gani ba. Gabana ya faɗi tun kafin in ji komai. Sai kuma na ji bugun filafili daga bayan dutse, mai nauyi, bugun da duk ɗan Sinnakuda ya san hannun mai shi.

Na ja igiyar inji. Tsakanina da shi akwai murjani mai kaifi da jirgi ba ya hawa, dole in yi dogon zagaye. Da na karyo kwanar na hango shi can nesa a tsaye a goshin jirginsa, kwalba a hannu, bidi a baki, hankalinsa kwance. Ya ga kifi ya manta da sulhu, amma bai manta da ƙwanƙwasa ba, shi a ganinsa ya yi abin da ya kamata. Na yi ihu har maƙogwarona ya tsage, iska tana mayar mini da muryata. Ban taɓa ganin taba mai saurin ƙarewa kamar wannan ba.

Abin da ya faru a ƙasa daga bakin Baba Siripala na ji shi daga baya. Ya ce yana cikin kallon wani ƙaton kunkuru, sai ya ga Aliyar ya sandare, ya karkata kansa na dama zuwa sama. Sannan ya finciko shi ta ɗamara. Hawa ba ta yiwuwa, sun jima a zurfi, tsohon jini irin nasa ba zai ɗauka ba, kuma saman ma nan ne kwalbar za ta faɗo. Gudu ma ba ya yiwuwa da ƙafafun tsoho. Sai ya ja shi zuwa wata tsaga a jikin dutsen, ya cusa shi ciki kamar buhu, ya rufe bakin tsagar da jikinsa. Tsohon ya ce ya zaci wasa ne, har sai da ya ga Aliyar ya ɗaga hannayensa biyu. Hannu biyu gare shi, kunnuwan da za a rufe uku ne. Ya ɗora su a kan na Baba, ya danna.

Ni a sama na ga Kalandar ya kai wutar bidin ga lagwani, ya wurga. Ruwan ya kumbura, ya fashe, ƙarar ta dake ni ta ƙasan jirgi har haƙorana suka haɗu. Kifi ya fara tasowa fari fat, ciki sama. Masu kwalba ba sa tsayawa a ɗaya, ta biyu ce take gama garken. Na gan shi ya sunkuya ya ɗauko ta.

Ban rage wuta ba. Na saita goshin jirgina na afka wa bayan nasa, injinsa ya ɓalle ya rataye, mai tuƙa masa ya kifa cikin kwandon kifi. Kalandar ya dafe, bai faɗi ba, kuma lagwanin ya riga ya kama.

"Aliyar yana ƙasa, ɗan banza! Shi da baƙo!"

Ya dube ni, ya dubi ruwan. Can tsakanin matattun kifin kumfar numfashi tana tasowa, ƙanana, a jere. Lagwanin namu gajere ne, don kada kifi ya watse. Na ga hannunsa ya yi baya zai jefa a ruwa yadda ya saba tun yana yaro, sai ya tsaya. Ya juya zai cilla ta kan dutsen tsibirin. Wannan juyawar ce ta cinye lokacin, kwalbar ba ta gama barin hannunsa ba ta tashi.

Da na farfaɗo daga jiri, gilashi ya tsattsaga mini kumatu, fuskata duk ɗumi. Kalandar yana kwance a cikin jirginsa, hannun dama daga wuyan hannu babu, sai tsumman nama da farin ƙashi, jini yana tsartuwa yana haɗuwa da ruwan kifi. Na tsallaka na ɗaure masa dantse da igiyar anga, na murɗa da guntun filafili har ya yi ƙara kamar sa. Muka ja shi zuwa jirgina, domin nasu ya mutu.

"Yaya Uduman, ja mu tafi," in ji mai tuƙa wa Kalandar. "Zai mutu a hannunmu."

"Babu inda za ni. Akwai mutane a ƙasa."

A lokacin balan-balan mai ruwan goro ya ɓullo gefenmu. Na leƙa. Ruwan garau yake, na gan su can ƙasa, su biyu, suna rataye da igiya ba sa motsi. Aliyar ya riƙe tsohon ta ɗamara, fuska da fuska. Suka ɗan hau, suka tsaya.

Kalandar ya buɗe ido, leɓɓansa sun yi toka. "Me yake yi a can? Ya fito mana."

"Hawa yake."

"Tun ɗazu?"

"Tun ɗazu. Abin da ya faɗa maka ke nan a masallaci ka nemi kunnensa. Kwanta ka ƙirga, ka ga bidi nawa ne."

Na faɗi haka ne da zafin zuciya, kuma ban yi nadama ba. Amma zaman nan ya yi tsawo, ni kaina sai da na ji kamar in faɗa ruwan in finciko su. Jini yana ɗiga ta ramin jirgi, Kalandar yana salati yana suma yana farkawa, su kuwa suna nan rataye. Baba ya ce da ƙarar ta tashi ji ya yi kamar jirgin ƙasa ya bi ta ƙirjinsa, sai ya haukace ya yunƙura zai harba sama. Aliyar ya shaƙe masa ɗamara, ya dake shi a ƙirji, ya nuna masa idanunsa da yatsu biyu. Ya ce gilashin fuskar Aliyar yana cika da jini, ya fyace ya zubar, ya sake cika. Jiri ya hana Aliyar sanin sama da ƙasa, har amai ya yi a bakin tiyon, sai kumfa yake bi da ido don ya san inda sama take. Duk da haka bai tsallake tsayawa ko ɗaya ba.

Da kawunansu suka ɓullo, Aliyar ya tofar da tiyon ya yi magana da wata irin murya mai ƙarfi da ban san shi da ita ba. "Ku karɓi Baba tukuna." Muka jawo tsohon, yana tari yana kuka, lafiyarsa ƙalau. Sannan na jawo Aliyar, na tayar da inji na ba shi wuta har ƙarshe.

Ya zauna yana haki, jini na bin wuyansa ta dama. Sai idonsa ya faɗa kan surukinsa, ya daɗe yana kallon dungulmin. Kalandar ya ɗago kai da ƙyar.

"Maccan," ya ce, "ai na ƙwanƙwasa."

Aliyar yana kallon bakinsa. Ya juyo gare ni. "Me ya ce?"

Na zagaya ta damansa yadda na saba tun muna samari, na faɗa masa. Bai amsa ba. Na ƙara ɗaga murya. Ya taɓa kunnen, ya dubi yatsunsa, sannan ya waiga ya dubi injin da yake ruri a bayana har katakon jirgi na rawa.

"Uduman," ya ce, "injin naka a kashe yake?"

Kalandar bai mutu ba, irinsu ba sa mutuwa da wuri. An yanke hannun daga gwiwa, ya yi zaman kaso, ya fito ya kama sayar da busasshen kifi a bakin titi. Dattawa sun hana kwalba a kewayen tsibirin gaba ɗaya, bayan ta gama cin abin da za ta ci, ko da yake har yanzu in iska ta juyo muna jin ta daga can arewa. Katisa tana dafa tukunya ɗaya ta raba gida biyu, ba ta kuma ambatar sunan ɗaya a gaban ɗaya. Likitocin birni sun yi iyakar ƙoƙarinsu, suka ce abin ya wuce fatar kunne, ya taɓa can ciki.

Babu wanda ya hana Aliyar nutso, shi ya hana kansa. Ya ce wanda ba ya jin ƙwanƙwasa ba shi da hurumin saukar da ɗan mutane. Wasu ne suke sauka da baƙin yanzu, shi yana bayan rumfa wurin injin cika tulu, aikin da kowa yake gudu saboda ƙara. Surutun ma ya ragu, domin ya lura mutane suna ja da baya in ya buɗe baki. Wayar tana aljihuna, ni nake amsawa, kuma ni ban iya huɗuba ba, farashi kawai nake faɗa.

Amma duk shekara in teku ya kwanta Baba Siripala yana kira. Ba ya dawowa, ƙirjinsa ba ya ɗauka, kira kawai yake. In na ga sunansa sai in je bayan rumfa in nuna wa Aliyar. Ya goge hannu a zanin nan da mazanmu suke ɗaurawa, ya karɓa, ya manna ta a kunnen dama, ya juya wa teku baya.

"Baba, kai ne? Kada ka zo da mura. Ka iso Alhamis. Haƙoran nan ka bar su a bakinka." Yana yi yana dariya, yana barin ɗan fili wai don tsohon ya amsa, muryarsa har bakin titi. Ni da nake tsaye gefensa ina jin abin da yake fitowa daga wayar. Tsohon ba ya cewa komai sai "ɗana, ɗana," yana kuka.

"Kuma in abu ya faru ka dube ni," in ji Aliyar. "A hankali za mu hau."

Ya miƙo mini wayar, ya tambaye ni me Baba ya ce. Nakan tsaya a gabansa in buɗe baki sosai don ya karanta leɓɓana, in ce ya ce ya ji.